Layin da Baba Ya Bari a Tsinke

Jiya aka fitar da tsohuwar kwamfutar ofishinmu na ƙididdiga, aka kawo sabuwa. Da hannuna na sauke ta ƙasa.

Ni masinja ne, firamare kawai na yi. Amma marigayi shugaban sashenmu, da muke kira Baba, ya koya min buga zanen awon ruwan sama na wata-wata. Wata Alhamis ya zauna, tabarau a kan hanci, yana ɓare gyaɗa, ya saita na'urar sau ɗaya don kowane zane ya riƙa fitowa iri guda: watanni a ƙasa, layi mai kauri, rubutu manya saboda idonsa. Watan da ba a kawo awo daga ƙauye ba, layin ya tsinke a wurin.

Na ce, "Baba, ya yi muni haka, a haɗe shi mana."

Ya ce, "Kai Sale, ka ga ruwan watan nan da idonka? To bar min shi a tsinke."

Shekara huɗu bayan rasuwarsa, har zuwa jiya, in na danna maɓalli sai firinta ta yi ta ƙara, takarda ta fito yadda yake so. Duk ofishin, daga ni sai tsohuwar kwamfutar muka san halinsa.

Yau sabuwar ta buga nata, layi siriri, a haɗe har ƙarshe. Kowa ya ce ya fi kyau. Ban san inda ake taɓawa a gyara ba, kuma ba mai tambayata. Da wuri na hau bas ɗin Kawo.

Allah Ya haskaka makwancinka, Baba, Ya sa ka huta.