Ungozoma da Mutumin Roba

Muryarta ce ta tsayar da ni a barandar asibiti, ƙasa-ƙasa, irin ta mai lallashin jariri. Na leƙa. Wata dattijuwar ungozoma ce durƙushe gaban mutum-mutumin roba. Jarrabawar farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya ake yi wa ungozomomi, kuma duk wadda ta faɗi, ba ita ba komawa ɗakin haihuwa.

Tana danna ƙirjin robar a hankali, kowace dannawa da "sannu" a bayanta.

"Mama, tausa kike yi masa?" in ji mai jarrabawar, wanda a haife ta haife shi. "Da ƙarfi! Dama ɗaya ta rage miki."

"Ɗan nan, in na karya masa haƙarƙari fa?"

"Mai karyayyen haƙarƙari gida yake komawa. Wanda kika tausaya wa, sai makara."

Ta tsaya tana duban tafukanta. Ina jin tsawon rayuwarta taushinsu ake yabo, yau kuma shi ke neman raba ta da aiki.

Ta ɗora hannu kan hannu, ta kau da fuska wajen bango, ta danna. Robar ta yi ƙas. Ungozomar ce ta ce, "Wash!"