Tsohuwa Mai Kaɗi ta Deule

Shekarar da aka sallame ni daga soji na dawo Bangi da shan sigari da rashin barci, alhali da zan tafi ban san ko ɗaya ba. Sigarin da na zo da shi bai yi wata ba ya ƙare, na koma naɗe tabar kasuwa cikin kowace takarda na samu. In ban sha ba hannuna ya yi ta rawa, in na sha tari ya turnuƙe ni. Damina ta sauka, kowa na noma, ni kuwa kafin in kai ƙarshen kunya ɗaya sai in nemi inuwa.

Na sha rubutun malamin unguwarmu kwana bakwai, shiru. Gwaggona ce ta ce akwai wata tsohuwa mai kaɗi a Deule da masu firgita ke zuwa wurinta. Na tambaya ko 'yar bori ce, ta ce ita dai ta gan ta tana salla.

Kwana biyu muka yi a hanya ni da baffana. Muka iske ta da hantsi a rumfa tana kaɗa auduga da mazari. Ba ta kunna turare ba, ba ta ba ni komai na sha ba.

"Zamna nan, ɗana," in ji ta. "Dubi mazarin ga, bar dubana."

Na zuba wa mazarin ido yana juyawa. Ta shiga magana a hankali, tana tambayata rijiyar garinmu, yadda guga ke sauka, da sanyin ruwan. Ina jin kukan kaji, ina jin ana daka a maƙwabta, amma ƙuda ya sauka a hancina na kasa ɗaga hannu. Na san ta ambaci taba, sai dai abin da ta ce ya ɓace mini. Da na dawo hayyacina azahar ta wuce, fuskata duk hawaye. Baffa ya ce na yi ta ƙirga da Faransanci ina kiran sunan wani mutum. Ni ban san mai wannan suna ba.

A hanyar komowa na naɗa taba na kunna, na ji kamar tsumma nake zuƙa. Na ɗauka tabar ce ta lalace. Ranar kasuwa na sayi sabuwa, ita ma haka. Tun daga nan ban sake ba. Barci kuwa sai da kaka ta gabato ya fara zuwa, shi ma ba kullum ba.

Baffa ya ce rubutun ne ya makara wajen aiki. Matata ta ce gajiyar tafiya ce. Na tambayi malam ko abin da tsohuwar ta yi halas ne, ya daɗe yana shafa gemu, ya tambaya ko an yi yanka. Na ce a'a. Ya ce to in riƙa yin sadaka.

Bayan girbi na kai mata damin gero, na roƙe ta ta gaya mini abin da ta yi mini.

"Ni kaɗi nike yi," ta ce. "Kai ko ka zamna ka huta."

Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ta tambayi lafiyar gwaggona, ta sa aka kawo mini fura, na sha na kama hanya.