Ranar da Baba ya tuƙa jirgi da ƙafa

Shekarun baya mahaifina ya zo London jinya, ya sauka a flat ɗina da ke Stratford. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi. Ƙafar ta dawo, amma hannun hagu bai dawo da ƙarfinsa ba. Mutumin Yauri ne, tun yana yaro yake tuƙa kwale-kwale. Sai ga shi yana wuni a bakin taga yana kallon motoci, ba ya magana sai an tambaye shi. Shirun nan ya fi ciwon tsorata ni.

A lokacin ni kuma na kamu da son kayak, ɗan siririn jirgin roban nan da ake tuƙawa da filafili mai kai biyu. Wata rana muna musu da abokina a falo, ko kayak na buƙatar rudder, wato ɗan faifan da ke bayan jirgi, wanda ake juyawa da ƙafa don jirgin ya riƙe hanya. Ni na dage dole ne, don in babu shi, sai in nufi gabas jirgi ya kai ni kudu. Kawai sai muka ji muryar Baba daga bakin taga.

"Wutsiya kuka sa wa jirgi? Wanda bai iya riƙe jirgi da hannunsa ba, me ya kai shi ruwa?"

Da ni yake, amma wallahi daɗi na ji. A daren na yi booking na kayak mai ɗaukar mutum biyu a kogin Lea.

Ranar Asabar muna shirin fita mahaifiyata ta kira daga gida tana faɗa. "An ba ka amanar marar lafiya, ruwa za ka kai shi?" Baba ya karɓi wayar ya ce ta yi mana addu'a kawai. A al'adar masu kwale-kwalen Yauri babba ke zama a baya, shi ke da jirgi, yaro kuma a gaba. Da muka isa kogin, ya zauna a baya, ya sa aka ɗage wutsiyar sama.

Muka bar gaɓa. Hannunsa na dama ya ja ruwa yadda ya saba, na hagu ya kasa binsa. Jirgi ya karkata, muka juya, muka sake juyawa, har muka kutsa cikin ciyayin bakin ruwa, agwagi suka watse. Na so in gyara daga gaba, na ƙara ɓata abin. Ban waiwaya ba, ina dai jin numfashinsa. Na san in muka koma gida a haka, na kawo shi ne ya ga abin da ya rasa, kuma ba zai ƙara barin tagar nan ba.

Can ya ce, "Kai."

"Na'am, Baba."

"Wannan abin naku, yaya ake taka shi?"

Na gaya masa igiyar da zai ja ya sauke shi, in ya taka dama jirgi ya yi dama. Na ji ya ɗora filafilinsa a cinya.

"To ja ruwa. Kar ka duba hanya, wannan aikina ne."

Na ja. Jirgi ya miƙe sak, muka wuce ƙarƙashin gada. Yana ta ba ni umarni, "Sassauta, ga iska nan ta hagu," tun kafin ni in ji ta a fuskata. Sai na ji yana rera wata waƙar masunta ƙasa-ƙasa, wadda rabona da ita tun ina ƙarami. Allah ya taimake ni a gaba nake, bai ga hawayena ba.

Baba ya koma gida, ya ƙara shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa. Yanzu in wani ya tambaye ni ko kayak na buƙatar rudder, sai in ce jirgin dai ba ya buƙata, mutumin da ke ciki ne wata rana zai buƙata. Ni ma hannuna ya faɗa, ina tafiya sak ba tare da rudder ɗin ba. Amma na kasa cire shi daga nawa jirgin.