Wa Ya Riga Ni Kama Motar Legas?

Jama'a, yau na ga abin mamaki a Bompai!

Yayana Sani, mai aiki a jirgin ruwa, zai sauka tashar Legas ranar Asabar. Mu goma sha bakwai za mu je tarbarsa daga gidanmu na Panshekara, amma kwana uku ina neman mota mai sauƙin kuɗi ban samu ba.

Na tashi daga aiki sai ga wata doguwar bas a bakin sito. Ban gama yi wa direban bayani ba ya ce, "Ku ne 'yan Panshekara? Ai an kama muku motar."

Na ce, "Wa ya kama?!"

Ya ce, "Wata tsohuwa, jiya, a adaidaita. Ta ji labarin zan koma Legas babu fasinja. Malam, ta yi ciniki har na yi gumi!"

Ina isa gida na tarar da kakarmu tana ɗaure kaya. Matar da ko kasuwa ba ta zuwa!

Na ce, "Hajiya, ku ne?"

Ta ce, "Ni ce. Kujerar gaba kuma tawa ce. Sai na gani da idona ko da gaske ruwan tekun nan ba shi da ƙarshe."