Gwaggo Glenys, Mai Masifa da Raɗa

Kullum da la'asar Gwaggo Glenys Ruddock za ta cika butar shayinta, ta zura takalman roba, ta hau motar da nake tuƙawa mu kai baƙi gaɓar Otago kallon hoiho. Tsuntsun tekun nan da ba ya tashi, yana tafiya kamar dattijo mai ciwon baya, ga tsoron tsiya. Muddin uwar ta hango mutum a bakin ruwa ba za ta fito ba, ɗanta ya kwana da yunwa a ciyayi. Hana wannan shi ne aikin Gwaggo tun ƙuruciya. Watan nan za ta ajiye aikin, gwiwa ta ƙi.

Ba na manta ranar da wani ƙaton saurayi, Lachlan, ya sulale da budurwarsa daga ayari, ya durƙusa a tsakiyar yashi ya fito da zobe, daidai kan hanyar tsuntsuwar. Ga ta can cikin kumfar ruwa, ta leƙo ta koma, ta leƙo ta koma. Ɗanta ɗaya ya rage mata a shekarar, kuma rana na shirin faɗuwa.

Gwaggo ta ja ciki ta isa gare su.

"Ɗana, kwanta."

"Gwaggo, aure fa nake nema."

"Nemi abinka a kwance. Ke ma 'yata, ƙasa."

Haka ta ja su rub da ciki har bayan tudu. Bawan Allah ya tambaye ta ko za ta aure shi ƙasa-ƙasa, baki duk yashi. Yarinyar ta wage baki za ta yi ihun murna, Gwaggo ta toshe shi da tafin hannu.

"Gyaɗa kai ya wadatar."

Ta gyaɗa. Can tsuntsuwar ta fito tana rangaji, ta wuce su, ko kallo ba su ishe ta ba. Da kukan ɗan ya ɗauke, na ga Gwaggo tana share ido, wai yashi ne.

Gwaggo, ke kaɗai na sani mai zazzaga masifa da raɗa, kuma wallahi zan yi kewarki. Mun gode. Ɗan tsuntsun nan ya rayu, bana shi ke fitowa daga ruwa, nasa ɗan na jira a ciyayi. Masu tasowa, ku koyi jan ciki tun gwiwa na da kyau. Ni dai na yi mata alkawari zan fara, da wannan tumbin nawa.