Saƙonnin da Aka Gani a Wayar Hala Mairama

Hala, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har ke. Saƙonnin nan da aka gani a wayarki, masu ɗauke da sunanki, ni na rubuta su. Babu ko ɗaya da ya fito daga bakinki.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Allah ya karɓi ran Hala Mairama, matar Ammu Labaran, maƙwabciyarmu ta hawa na uku a nan Jarwal, ranar Alhamis, tara ga Rabi'ul Awwal, 1438, jim kaɗan bayan azahar. Ciwon ƙirjin da ta daɗe tana fama da shi ne ya zama ajali. An sallace ta a Harami, maza suka raka ta maƙabartar Shara'i, mu mata muka tsaya a taga muna kallon motar har ta sha kwana. Yau kwana uku ke nan.

Da Hausa nake rubuta miki, don ke kika koya mini karanta ta. A makaranta Larabci ne, a gida ma rabi da rabi muke yi, shi ya sa nake ce miki Hala, wato inna, mijinki kuma Ammu, wato baffa. Ke kike sa alhazan garinku su taho miki da littattafan soyayya a cikin buhun kuka da daddawa, har takardunsu suna warin miya. Sai ki zaunar da ni in karanta miki kina tsinke zogale. Idan na murɗe kalma ki ce, "Rahama, wannan Hausar taki ta sha shayin Larabawa da yawa." Ban iya magana a gaban mutane ba, kowa ya sani. A ɗakinki kaɗai nake jin muryata ta fito duka.

Shekara goma sha ɗaya kina gyaran ɗakuna a otal. Ruwan wanke banɗaki da ƙurar gidajen da ake rushewa suka taru suka cinye miki huhu. A aikin hajjin shekara biyu da suka wuce, wata tsohuwar hajiya 'yar Sin ta same ki durƙushe a bakin ɗakinta, numfashi ya ƙi fita. Ban da sallama babu kalmar da ta haɗa ku. Ta ɗora tafinta a cikinki, ta nuna miki yadda za ki ja iska a hankali, ki ɗaga hannuwa, ki sauke. Kullum sai ta tare ki kun yi, har ranar da za ta tafi ta rubuta miki wata kalma a takarda. Kika kawo mini na bincika a wayarki. Sunan abin cigong, motsa jiki ne na mutanen Sin da ake haɗawa da numfashi.

Muka fara hawa saman bene bayan asuba, ni da ke. Ranar farko na tsaya ina fuskantar dogon agogon Harami, yadda duk ɗan Makka ke yi ba tare da ya yi tunani ba. Kika kama kafaɗata kika juya ni. "A'a, wannan gefen na salla ne. Akwai sunkuyawa a ciki, kada mu haɗa motsa jiki da ibada." Tankunan ruwa sun cinye gefe da gefe, shi ya sa muka fuskanci dutse, Harami yana bayanmu. Idan mutumin cikin bidiyo ya ce a tara ƙarfin jiki a ƙasan cibiya, ke kuma sai in ji kina subhanallahi da jan iska, alhamdulillahi da sakinta. Kika ce, "Shi ya tara nasa, ni in tara nawa." Wata huɗu kika yi kina hawa bene ba ki huta a hanya ba, kina ta yi wa hajiyar nan addu'a alhali ko sunanta ba ki sani ba.

Daga nan laifina ya fara. Na gano wani dandali a Fesbuk, da Larabci ake rubutu, inda masu cigong ke taruwa suna maganar Tao, wata tsohuwar koyarwar mutanen Sin kan hanyar da suke cewa komai na bi. Abbana ya hana ni waya, don haka da sunanki na buɗe shafi. Abu ɗaya kika ce in tambaye su: me ake yi wa tarin safe. Na tambaya, suka amsa. Sai wata a cikinsu ta ce rubutuna yana da daɗi. Hala, ba a taɓa gaya mini haka ba.

Na riƙa karɓar wayar da sunan zan nemo miki sabon bidiyo. Kina kicin, ni ina rubutu. Na rubuta cewa na sami natsuwa a saman bene wadda ban samu ko'ina a garin nan ba. Na rubuta cewa na bar tsohuwar hanya, yanzu ina bin Tao yadda ruwa ke bin gangare. Mai jagorantar dandalin, mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba, na kira shi hasken zuciyata. Daga littattafan nan na ɗauko irin maganar, don tana da daɗi a kunne, kuma idan na sa ta mutane suna yabawa. Ban bar salla ko sau ɗaya ba. Ban ma fahimci rabin abin da suke faɗi ba. So nake kawai in zama wata mace mai zurfin ciki wadda ake jiran maganarta. Ke kuwa ba ki karanta Larabcin waya, ba ki taɓa tambayata abin da nake dannawa ba.

Ranar da kika rasu Ammu ya buɗe wayar don ya sanar da danginki na Damagaram. Ya gani.

Jiya a wajen zaman makoki, ina rarraba dabino, wata mata ta gidan da ke kallon namu ta sunkuyo tana gaya wa ta kusa da ita cewa da idonta ta sha ganin ki kina ruku'u kin ba wa Ka'aba baya. Ni ba ta sa ni a labarin ba, ko tanki ne ya kare ni, ko ta raga wa Ummina ne. Na ci gaba da miƙa faranti.

Bayan la'asar na ji Ammu da Abbana a kan matakala. Ammu ya kira sunan Abba ya ce, "Tsoho, shekara ashirin da shida muna tare, ban san wadda na kai Shara'i ba. Kai ka yi karatu, gaya mini, ya halatta in roƙa mata gafara?" Abba ya ce Allah ya fi su sanin ta, ya yi haƙuri. Da ya shigo gida ya ce wa Ummi, kin ga dalilin da ya sa na hana 'yata waya. An ce tun ranar Alhamis, in aka ɗaga hannu ana yi miki addu'a, Ammu yana zaune hannuwansa a kan gwiwa.

Na kasa cin abinci. Na roƙi Allah ya sa wayar ta lalace, na roƙe shi ya sa Ammu ya manta, har na roƙe shi ya ɗauke ni in je in ba ki haƙuri da kaina. Ina tsoron Abba. Ya taɓa cewa duk wadda ta ja masa magana zai mayar da ita gida wajen kakanni, ƙasar da ban taɓa takawa ba. Amma yau ce rana ta ƙarshe. Bayan isha za a kwashe kujeru, kowa ya tafi da abin da ya ji.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Mairama. Ka san ta fi ni tsoron ka. Ka yalwata mata kabari, ka ba ta numfashin da ta rasa a duniya, ka sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, kada ka kama ta da kalma ɗaya daga cikin abin da na rubuta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ammu Labaran, da 'yan uwanta na nan Makka da na Damagaram, da matan da ta yi aiki da su. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Ammu, da na fara rubutun nan niyyata in ɓoye shi a cikin littafi. Na fasa. Na san kana hawowa ka sake riga kafin magariba. Zan tsaya a bakin ƙofarka in miƙa maka, don in na ce zan yi bayani da baki ba zan iya ba. Idan Abba ya tambaya, ka nuna masa. Ni dai roƙona, in an ɗaga hannu yau, ka ɗaga naka.

Rahama Tsoho
Jarwal, Makka