Kyamarar da ta nuna mini tafiyar mahaifina

Shekarun baya, ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, ina zaune a Agege, ina aiki a wani sito a Ilupeju. 'Yata ta fara koyon tafiya. Mahaifiyata kuwa tana can ƙauyenmu, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa Ikko, ba ta taɓa ganin jikarta ba. Na ce bari in sayi kyamara.

Muka hau motar haya ta danfo ni da abokina zuwa Ikeja. Shi dai ya nace a kan kyamara mai fim: "Malam, ɗauki wadda ka sani. A wanke maka hoto ka riƙe abinka a hannu." Sai mai shagon ya zaro wata 'yar ƙarama ta hannu, ba ta fi sabulun wanka girma ba. Ya ce ba ta cin fim, kuma tana ɗaukar hoto mai motsi, sai dai na daƙiƙa goma sha biyar, babu murya. Ya ɗauke ni ina sosa ƙeya, ya juyo mini bayanta, sai ga ni ina motsi a ciki! Na yi ta jujjuya ta ina neman inda ake sa kaset, har mutumin ya gaji da tambayoyina. Abokina ya ce kayan wasan yara ne. Ita na saya.

Kwana huɗu ina bin yarinyar nan a tsakar gida kamar wani ɗan jarida. Da na danna sai ta zauna daɓas. Ƙarshe matata ce ta karɓi kyamarar, ta ɗauke ta tana taku biyar zuwa bakin ƙofa.

Da Sallah na hau jirgin ƙasa daga Iddo na tafi gida. Mahaifiyata ta kai abin dab da idonta, ta ce in sake, na sake. A karo na uku sai ta ce, "Ka ga yadda take jefa ƙafar hagu waje? Tafiyar babanka ke nan."

Ina goye ya rasu, ko hotonsa babu. Ban taɓa tunanin in tambayi yadda yake tafiya ba. Ranar har batir ya mutu muna kallo, ina tambaya tana ba ni labarinsa.

Kyamarar ta daɗe da lalacewa, yarinyar ma yanzu uwa ce. Amma har gobe, in na hango ta tana tahowa, ƙafarta nake fara kallo.